Ɗaurin da Alƙali Bai Yanke Ba

A ƙarshen shekarun 1980 na gama makarantar horar da lauyoyi, lokacin tana Legas, tun kafin a mayar da ita Bwari. Bautar ƙasa ta kai ni wata jiha a kudu maso gabas, aka ajiye ni a ofishin Hukumar Agajin Shari'a, wadda gwamnatin soja ta kafa da doka mai lamba 56 ta shekarar 1976 saboda talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Babban lauya ɗaya ne a ofishin, kullum kuma yana kotu, don haka mu 'yan bautar ƙasa ne masu zirga-zirgar gidan yari. Mu shiga da littafi, mu rubuta sunayen masu jiran shari'a, mu ware wanda za a nema wa beli da wanda aka manta da shi tun ranar da majistare ya ce a ajiye shi.

Waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ba sa cikin lissafinmu. A ganin kowa nasu ya ƙare, alƙali ya yi magana, saura haƙuri. Hausa ce ta kai ni ɓangarensu. Wani saje cikin gandirobobi ya ji ina gaisawa da mai goro a bakin ƙofa, sai ya ce mini akwai mutanena a ciki, an kawo su daga Arewa, ba sa jin Turanci, ba sa jin yaren garin, kuma akwai wani dattijo a cikinsu da ya ishe su da magana ɗaya kullum, sun kasa gane abin da yake nufi.

Manomi ne, bai fi shekara hamsin da 'yan kai ba, amma gabza da zazzaɓi sun tsufar da shi. Da na yi masa sallama sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi garinmu, ya tambayi ko damina ta yi kyau bana a Arewa, sannan ya shiga abin da ke ransa.

"Ɗana, ni ban ce ban yi laifi ba. Na yi, alƙali kuma bai zalunce ni ba. Ya ce a haɗa mini ɗaurin wuri ɗaya, a ƙirga tun daga ranar da aka kama ni. A gidan yarinmu na can an yi mini lissafi, aka ce saura shekara biyu. Ga shi azumi uku na yi bayan hukunci, nan kuma sun ce wai da sauran uku."

"Baba, akwai wata takarda a hannunka?"

"Wace takarda, ɗana? Da tsakar dare aka kwashe mu. Ko butata ban ɗauka ba."

Rikicin iyakar gona ne ya kawo shi. An same shi da laifi biyu a ƙarƙashin dokar Final Kod ta Arewa, ɗaya na yi wa mutum mummunan rauni, aka ba shi shekara 6, ɗaya na ƙona rumbu, aka ba shi shekara 3. Ya riga ya yi shekara 2 yana jiran shari'a. Duk wanda ya taɓa samun nasa a ciki ya san maganar nan da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Gaskiya ce, domin ƙa'ida ta ba fursuna mai ladabi rangwamen kashi ɗaya bisa uku na ɗaurinsa muddin ya wuce wata guda. To idan an haɗa ɗaurin biyu, babban ne kaɗai zai yi aiki, shekara 6. A cire kashi ɗaya bisa uku, saura 4. A cire biyun da ya yi yana jira, saura 2. Lissafin dattijon daidai yake, bai yi kuskuren ko wata ɗaya ba.

Na nufi ofishin rikod. Jami'in da ke wurin mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba, ya ciro fayil ya buɗe a gabana. Waranti na asali bai iso tare da fursunan ba. Abin da ya biyo baya, bayan watanni, kwafi ne da wani akawu ya sake bugawa da tafireta: laifi na ɗaya shekara 6, laifi na biyu shekara 3, ranar hukunci, hatimi, shi ke nan. Layi biyun nan da alƙali ya faɗa, a haɗa ɗaurin, a fara daga ranar kamu, babu su. A dokar da kotunan Arewa ke aiki da ita a lokacin kuwa, idan alƙali bai ce a haɗa ba, a jere ake yin ɗauri, ɗaya bayan ɗaya. Sai jami'in ya tara 6 da 3 suka ba shi 9, ya cire kashi ɗaya bisa uku, ya rubuta shekara 6 daga ranar hukunci. Mutumin da ya kamata ya yi shekara 4 a tsare gaba ɗaya, an rubuta masa 8. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

"Barista, ni ban san alƙali ba," in ji jami'in. "Takarda na sani. Kawo mini wata takardar in gyara yau ɗin nan."

Ban ga laifinsa ba a ranar, yanzu ma ban gani ba. Gandiroba ba ya halartar shari'a, ba ya karanta hukunci. Waranti ne kaɗai hujjarsa ta riƙe mutum, shi ne kuma hujjarsa ta sakinsa, kuma idan ya saki wani kafin lokaci shi ne zai shiga ɗakin da wancan ya bari.

Asalin wannan matsala ya girme ni a aiki. Kafin shekarar 1968 yawancin gidajen yarin Arewa na En'e ne, wato hukumomin gargajiya. Alƙali, da Yari, da Sarki duk a gari ɗaya suke, fursuna yana share titin da danginsa ke bi su je kasuwa. Ba ina yabon wancan zamani ba ne, 'yan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba sun ɗanɗana abin da ake yi a cikin waɗannan gidaje, kuma shi ya sa mutane da yawa suka yi murna da aka karɓe su. Ranar 1 ga Afrilun 1968 aka haɗe gidajen yarin ƙasar duka a hannun gwamnatin tarayya, doka mai lamba 9 ta 1972 ta ƙarasa tsarin, aka ba shugaban hukumar ikon ɗauke fursuna daga kowane gida zuwa kowane gida a Najeriya. Amma kotuna da yawancin laifuka suka zauna a hannun jihohi. Sata, rauni, kisan kai, ɓarna, duk dokar jiha ce. Sai ya zama jikin mutum yana hannun tarayya, hukuncinsa yana hannun jiha. Muddin yana tsare a jihar da aka yi masa shari'a, ba a ganin ɓarakar. Ranar da aka loda shi a mota aka ƙetare iyaka da shi, saboda cunkoso, ko bore, ko don a kai shi gonar gidan yari irin ta Lakushi ko Kujama ko Birnin Kudu, ranar ce jikin ke rabuwa da takardar.

A takarda dai sauyin wuri ba ya ƙara wa ɗauri kwana ɗaya. Duk lauyan da ka tambaya haka zai ce maka, kuma haka doka take. Ni kuwa na ga yana ƙarawa, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Abin da dattijon ke buƙata bai fi shafi biyu ba, kwafin hukunci mai hatimin kotun da ta yi shari'ar. Babu wayar hannu a lokacin. Muka rubuta wasiƙa ta gidan waya, shiru. Muka sake, shiru. Da na samu hutun Sallah na zo gida, sai na hau mota na tafi garin da kaina. Alƙalin an daɗe da sauya masa wurin aiki. Rajistara ya ce fayil ba ya nan, amma wani tsohon masinja da ya fi kowa daɗewa a kotun ya ja ni wani ɗaki da ake tara littattafan alƙalai, waɗanda suke rubuta shari'a a ciki da hannunsu. Muka yini muna kaɗe ƙura muna buɗawa. Can wajen la'asar muka same shi, da shuɗin tawada, a ƙasan shafi: a haɗa ɗaurin, a fara daga ranar kamu. Na biya kuɗin bugu da na hatimi. Allah ya saka wa masinjan nan da alheri, ko sisi bai nema ba, ya ce shi ma yana da ɗa.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Hukumar gidan yari ta ce kwafin hukunci ba waranti ba ne, sai dai kotun can ta aiko da sabon waranti, ko wata kotu ta ba da umarni. Jiran kotun can na nufin wasu watannin. Babban lauyanmu ya ce mu shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotun jihar da ake tsare da shi, domin sashe na 42 na tsarin mulkin 1979 ya ce a jihar da ake tauye wa mutum haƙƙi a nan zai kai kukansa. A ƙa'idar lokacin sai ka fara neman izinin kotu kafin ka shigar da ƙarar kanta. Lauyan gwamnatin jihar ya tashi ya ce su ba ruwansu, ba su suka ɗaure shi ba, ba su ke riƙe da shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Jihar da ta ɗaure shi ba ta turo kowa ba. Alƙaliyar ta karanta shafi biyun nan, ta ɗauki biro ta yi lissafin da kanta a kan benci, ta ɗago ta tambayi jami'in gidan yari ko yana da abin cewa. Ya ce babu. Ta ce a sake shi a ranar.

Ya fito bayan ya yi fiye da shekara guda wadda babu alƙalin da ya yanke masa. Ba shi da kuɗin mota, bai san gabas ba bai san yamma ba a garin. Sarkin Hausawan garin ne ya ba shi masauki da riga, ya sa shi a motar shanu mai komawa Arewa. Na gaya masa tsarin mulki ya ba shi damar neman diyya da ban haƙuri a fili, abin da yau ke sashe na 35. Ya ce, "Ɗana, na bar wa Allah. Ni dai in ga 'ya'yana." Ban ja da shi ba, haƙƙinsa ne ya yafe. Amma har yau ina ganin wannan yafiya ta talakawanmu na cikin abin da ya sa ba a gyara ba, domin kuskuren da ba a biyan ko kwabo a kansa babu mai hanzarin daina shi.

Bayansa sai sauran suka fara kawo nasu. Wani tararsa danginsa suka biya a can gida bayan an ɗauke shi, rasit yana aljihun wansa, shi kuma yana nan yana yin watannin da aka ce zai yi idan bai biya ba. Wani yaro an ɗauke shi mako biyu bayan hukunci, alhali doka ta ba shi kwana 90 ya ɗaukaka ƙara daga babbar kotu, kuma a ƙa'idar lokacin shi da kansa zai sa hannu a takardar, ba lauyansa ba. Kafin lauyan ya gano inda aka kai shi wa'adi ya wuce, kuɗin dangi kuma sun ƙare. Idan Babban Jojin jiha ya zo zagayen rage cunkoso, waɗannan ko layi ba a sa su, domin dokar 1977 da ta ba shi ikon sakin mutane ta keɓe wanda ke zaman hukuncin kotu. Ta masu jiran shari'a ce.

A makaranta an koya mana yadda ake kare mutum har zuwa ranar hukunci, da yadda ake ɗaukaka ƙara. Babu malamin da ya tsaya ya koya mana lissafin ɗauri, ko abin da ya kamata ya kasance a cikin waranti. A wurin gandirobobi na koya. Mu lauyoyi muna tattara littattafanmu ne da zarar alƙali ya tashi, kuɗin aiki ya ƙare a nan, sai mu bar mutum da akawu a daidai lokacin da kalma ɗaya ke zama shekaru.

Da na dawo Arewa na buɗe ɗan ofishina, sai na tarar da wani nau'in wannan ɗauri da ya fi na farko ciwo, domin shi babu shafi biyun da za ka nemo su warware shi.

Wata tsohuwa ce ta zo mini a tsakiyar shekarun 1990, jikanta yana riƙe da hannunta. Ƙaninta da wani ɗan baffansu aka yanke wa hukuncin kisa tare a ƙarshen shekarun 1970, a shari'a ɗaya, kan faɗan manoma da makiyaya da aka rasa rai. Ba kowane gidan yari ke da ɗakin 'yan kondem ba, don haka aka ɗauke su zuwa wata jiha. Daga baya gwamnan jiharsu ya sassauta musu zuwa ɗaurin rai-da-rai, su biyun a takarda ɗaya. Aka mayar da ɗaya gida, ɗayan kuma aka ƙara gaba da shi zuwa jiha ta uku.

"Lauya, ɗan baffanmu ya fito tun zamanin Babangida, har ya aurar da 'ya. Nawa fa? Laifinsu ɗaya, ɗaurinsu ɗaya."

"Inna, kun san inda yake?"

"Wani da ya fito ne ya kawo mana saƙo. Da mun ɗauka ya rasu, har an yi masa sadaka."

Ɗaurin rai-da-rai ba shi da rangwamen kashi ɗaya bisa uku, tunda ba shi da adadin da za a cire wani abu daga ciki. Ƙofarsa ɗaya ce, afuwa. Afuwa kuma tana bin dokar da aka karya ne, ba ƙasar da mutum ke kwance a kai ba. Haka yake a tsohon tsarin mulki, haka yake a na 1999: sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe laifin dokar tarayya, sashe na 212 ya ba gwamna ikon yafe laifin dokar jiharsa, bayan ya ji shawarar kwamitin afuwa. Gwamnan jihar da ake tsare da ƙanin tsohuwar nan, ko ya so, ba shi da ikon taɓa shi. Kwamitin jihar da ke da ikon kuwa, idan 1 ga Oktoba ko Sallah ta ƙarato, gidajen yarin da ke cikin jiharsu suke zagayawa, su karɓi sunaye daga shugabannin gidajen, su ga mutane da ido. Wanda aka mayar gida sun gan shi, dagacinsu ya yi magana, an sake shi. Wanda ke nesa babu wanda ya san yana raye.

Sai kuma ƙirƙirar jihohi ta ƙara ɗaure kan. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka yi sababbin jihohi, cikinsu har da Jigawa, Yobe da Kebbi, kamar yadda aka cire Katsina daga Kaduna a 1987, aka kuma yi Zamfara, Gombe da Nasarawa a 1996. Garin da aka yi wa wannan bawan Allah shari'a ya faɗa cikin wata sabuwar jiha. Na je ma'aikatar tsohuwar jihar, aka ce mutumin yanzu ba nasu ba ne. Na je ta sabuwar, aka ce da aka raba motoci da kujeru da ma'aikata ba a ba su fayil ɗinsa ba, ba za su yafe wa wanda ba su da shaidar an ɗaure shi ba. Mutum yana zaune a ɗaki ɗaya bai motsa ba, an sauya masa jiha, aka bar shi babu gwamna.

Abin da muka yi shi ne muka gina masa fayil daga tushe. Kwafin takardar sassauci daga gidan yarin da yake. Shaidar kyakkyawan hali daga shugaban gidan, wanda ya rubuta cewa shi ne limamin fursunoni shekara da shekaru. Rahoton likita kan idanunsa. Wasiƙar hakimi. Wadda ta fi wuya ita ce ta dangin mamacin, kuma ba ni na samo ta ba, tsohuwar ce ta je da kanta ta durƙusa a zaurensu, suka ce sun daɗe da yafewa, tun da ɗayan ya dawo suna ganinsa a masallaci. Muka miƙa, aka sauya gwamnan soja, muka sake miƙawa. Sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 sunansa ya fito a jerin afuwa. Ya fi ɗan baffansa zama da fiye da shekara goma, a kan hukunci ɗaya, takarda ɗaya, ba don ya ƙara wani laifi ba, sai don motar da ta ɗauke shi ta fi nisa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne nisan nan ba ya hana alƙalamin gwamna isa idan na igiya ne. A watan Disamban 2007 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa an rataye aƙalla mutum 7 a shekarar 2006, dukkansu a jihar Kano aka yanke musu hukunci, amma a gidajen yarin Kaduna, Jos da Inugu aka zartar. Ba muhawarar hukuncin kisa nake yi a nan ba. Abin da nake nunawa shi ne hukuma ta san inda mutanenta suke idan ta so sani. Hanyar da takardar rataya ta bi ta isa Inugu, ita ce hanyar da takardar afuwa za ta bi, da akwai wanda aka ɗora wa aikin.

Nisanta fursuna da gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, manya ma an yi musu. Cif Obafemi Awolowo a Legas aka ɗaure shi a 1963, aka kai shi Kalaba. Fela an kai shi Maiduguri, Gani Fawehinmi an kai shi Gashuwa. A zamanin Abacha aka kai Obasanjo Jos da Yola, aka kai Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa Abakaliki, inda ya rasu ranar 8 ga Disamban 1997. Waɗannan jaridu na bin sawunsu, duniya ta san ɗakin da kowannensu ke kwana, duk da haka nisa ya cutar da su. To ina ga manomin da ko danginsa ba a gaya wa ba?

An samu sauyi, ba zan ƙi faɗa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa alƙali ya lissafa zaman jiran shari'a cikin ɗauri, jihohi kuma sun yi nasu irinta. Dokar 2019, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta gyaran hali, ta ba Babban Joji ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma yi shekara 10 ba a zartar ba. Yau kwafin hukuncin da na yini ina nema cikin ƙura ana iya ɗaukar hotonsa da waya a tura cikin minti ɗaya. Amma ɓarakar tana nan inda take. Tsohon ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya sha faɗa cewa sama da kashi 90 cikin 100 na mazauna gidajen nan laifin jiha ne ya kawo su. Ana kuma ci gaba da kwashe mutane, wani lokaci dole ce ke sa a yi, kamar bayan fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, ko ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da ta rushe katangar gidan yarin garin. A irin wannan rana wa ke tsayawa neman fayil?

A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar gina gidajen gyaran hali nasu. Mutane da yawa sun yi murna, ni ma na yi, amma da fargaba. Yanzu ƙa'idar rangwame ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba. Ranar da kowace jiha ta yi dokarta, wata ta ce kashi ɗaya bisa uku, wata ta ce bisa huɗu, wata ta hana wa wasu laifuka, to ranar ce sauyin wuri zai fara sauya ɗauri a cikin doka kanta, ba bisa kuskuren akawu kaɗai ba. Ƙasashen da suka riga mu a wannan hanya sun zauna sun yanke shawara a rubuce. A Amurka yarjejeniyar da jihohi ke musayar fursunoni da ita ta ce mutum yana nan ƙarƙashin ikon jihar da ta tura shi duk inda aka kai shi. A Ostareliya, dokokin da jihohinsu suka yi a farkon shekarun 1980 sun ɗauki ɗayan ɓangaren: da zarar fursuna ya isa, ana ɗaukar hukuncinsa tamkar kotun jihar da ta karɓe shi ce ta yanke. Kowace hanya da nata ciwon, a can ma lauyoyi na shiga kotu a kan watanni da shekarun da ke ɓata a tsakani. A nawa ganin, ta farko ce ta dace da mu, domin jihar da ta san laifin, ta san dangin mamaci, ta san hakimin, ita ya kamata ta riƙe hukuncin har ƙarshe. Amma da sharaɗi: ta riƙe shi da gaske, ta san sunan kowane mutum nata da ke tsare a wajenta.

Wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Kwamishinan shari'a na kowace jiha ya buɗe rajista ɗaya ta mutanen da kotunan jiharsa suka ɗaure ake tsare da su a wasu jihohi, kwamitin afuwa ya riƙa duba ta kafin ya rufe jerinsa. Hukumar gyaran hali kada ta ɗaga mai hukunci daga jiha zuwa jiha sai da warantinsa na asali, da ranar fitarsa a rubuce, kwafi ɗaya a hannunsa, a kuma sanar da danginsa.

Ku kuma 'yan'uwana matasan lauyoyi, kada ku bar harabar kotu ranar hukunci sai kun karanta warantin da idonku, kun ga a haɗe ne ko a jere, kun ga ranar da za a fara ƙirga. Mai karatu, idan kana da naka a ciki, je rajistar kotun da ta yi shari'ar tun yanzu ka yanki kwafin hukunci mai hatimi ka adana a gida, ka tambayi ofishin rikod ranar fitarsa ka rubuta. Idan ka ji an ɗauke shi zuwa wata jiha, kada ka jira: ofishin Hukumar Agajin Shari'a yana kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗin lauya a can.